Idan Garkuwar Jiki Ta Juya Kan Hanta: Ina Hannun Ƙwayoyin Hanji A Ciki?

Wannan shi ne shirinmu na wannan mako daga nan Kufena, Zariya. Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda 'yan uwa da data ba ta bari su saurara.

Yau maganar hanta za mu yi, amma ta hanji za mu bi mu isa gare ta.

A garin nan, da zarar idon mutum ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, sai a ce ai shawara ce. Wanda ya ɗan waye sai ya je a gwada shi ciwon hanta nau'in B da nau'in C. Kuma da gaskiyarsa, don babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma suna da nau'in C. To amma idan takarda ta fito babu B, babu C, ido kuma bai daina rawaya ba fa? Nan ne ake watsewa. Wannan ya ce sammu ne, waccan ta ce iska ce, wani ya kawo jiƙo a jarka. Alhali abubuwan da ke kawo shawara suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro, sikila, tsakuwa a madaciya, wasu magunguna. Akwai kuma wanda ba a cika jin labarinsa ba, wato garkuwar jikin mutum ta juya ta fara yaƙar hantarsa da kanta. Shi za mu tattauna, da kuma dalilin da ya sa masana suka koma leƙa hanji suna neman mafarinsa.

Bari mu fara da mazauna hanji.

Mu dai mun taso da jin cewa bakteriya cuta ce. Ba duka ba. A 2016 wasu masana a Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila suka yi lissafi, suka ce mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, su kuma tubalan jikinsa da ake kira sel kimanin tiriliyan 30 ne. Kusan dukkan bakteriyar nan a babban hanji take, kuma idan aka tara ta aka ɗora a sikeli nauyinta bai wuce giram 200 ba. Ba zaman banza suke ba. Su ke sarrafa abin da cikinmu ya kasa narkarwa, kamar dusar hatsi da harzar ganye, wanda ake kira faiba. Suna samar da wasu bitamin. Suna cika wuri don mugayen ƙwayoyi su rasa masauki. Sannan tun mutum yana jariri su ke koya wa garkuwar jikinsa bambance baƙo da ɗan gida.

To me ya haɗa su da hanta?

Hanya ce ta haɗa su. Jinin da ya zagaya hanji ya kwaso abinci ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Akwai wata babbar jijiya da ke tattaro shi ta kai shi hanta tukuna. Kusan kashi 3 cikin 4 na jinin da ke shiga hanta ta wannan jijiyar yake zuwa. Ke nan duk abin da ya tsallako daga hanji, mai kyau ko marar kyau, hanta ce farkon wadda zai yi wa sallama.

Ku ɗauki misalin birninmu. A da ganuwa ta kewaye gari, ba a shiga sai ta ƙofa: Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da sauransu, kowace da mai tsaronta. Haka bangon hanji yake, sai dai shi kaurinsa layin sel ɗaya ne tak, an liƙe su da juna, an shafe su da majina. Ta ƙofofinsa abinci ke wucewa, bakteriya kuwa ana tsare ta a waje. Idan wani ɗan abu ya sulale ya shigo, a hanta akwai dogarai da ke jiransa, waɗanda ake kira sel ɗin Kupffer, da sunan Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876. Su kama, su haɗiye, ba tare da hayaniya ba. Hanta gwanar haƙuri ce, don in da za ta tada yaƙi a kan duk abin da ya zo daga hanji, da kowane tuwo muka ci sai mun kwanta.

Hanyar kuma ba ɗaya ba ce. Hanta na yin ruwan madaciya, kimanin rabin lita ko fiye a kullum, ta tura shi hanji don narkar da maiƙo. Bakteriyar hanji na sauya sinadaran da ke cikin ruwan nan, sannan kusan kashi 95 cikin 100 na sinadaran su sake komawa hanta. Ruwan madaciya na tsara irin bakteriyar da za ta rayu a hanji, ita kuma bakteriyar na tsara irin abin da zai koma wa hanta. Kullum cikin aike suke wa juna.

Yanzu cututtukan da muke magana a kai. Manyan guda 3 ne.

Ta farko likitoci na taƙaita sunanta da AIH. A nan garkuwar jiki na kai wa naman hantar kansa hari. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Jan Waldenström, ya bayyana ta a 1950 a jikin wasu 'yan mata. Tana kama yaro, tana kama tsoho, amma kimanin 3 cikin kowane 4 masu ita mata ne. Alamunta: gajiya marar dalili, ciwon gaɓoɓi, rashin son abinci, ɗaukewar al'ada, shawara. Wani lokaci kuma shiru take yi har sai hanta ta cika da tabo ta ƙanƙance.

Ta biyu PBC. Ita ƙananan hanyoyin madaciya na cikin hanta take lalatawa a hankali. 9 cikin 10 masu ita mata ne, yawanci waɗanda suka haura 40. Babbar alamarta ƙaiƙayin jiki ba tare da ƙuraje ba, da kasala.

Ta uku PSC. Wannan hanyoyin madaciya manya da ƙanana take sa wa tabo har su tsuke. Ta fi kama maza. Kuma ita ce ta fara tona asirin hanji, don a Turai da Amurka kimanin 7 cikin 10 masu ita suna fama da ciwon kumburin hanji mai daɗewa, irin mai sa gudawa da jini. Har ma an lura cewa bayan an yi wa mai PSC dashen hanta, cutar na iya dawowa a sabuwar hantar, amma ta fi jinkirin dawowa ga waɗanda aka riga aka cire musu babban hanji. Dole mutum ya tambaya: me ke tasowa daga can?

Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ake ɗauka daga jikin wani. Ba a ɗauka ta kwano, ba a ɗauka ta aure, ba a ɗauka ta aska. Ku riƙe wannan, don mata nawa aka ware wa kofi da cokali a banza.

Masana sun gano hanyoyi 3 da ƙwayoyin hanji ke sa hannu.

Hanya ta farko: tsagewar bango. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2018 ayarin Dokta Martin Kriegel na Jami'ar Yale a Amurka suka wallafa wani bincike a mujallar Science. Sun yi aiki da ɓerayen da a jininsu suke da saurin kamuwa da cutar garkuwa. Sai suka ga wata bakteriya mai suna Enterococcus gallinarum tana ratsa bangon hanji, ta je ta zauna a hanta, ta tunzura garkuwa har ta fara yaƙar jiki. Da suka ba ɓerayen maganin da ke kashe ta, ko suka yi musu allurar rigakafinta, cutar ta lafa, ɓerayen suka ƙara kwana. Suka kuma duba tsokar hantar wasu mutane masu AIH, suka tarar da sawun wannan bakteriyar a ciki. Sunanta daga kalmar kaza yake a Latin don a hanjin kaji aka fara ganinta, amma kar wani ya ce na ce a daina cin kaza, ba nan maganar take ba. A shekarar da ta biyo baya, 2019, masana a Jami'ar Keio ta Japan suka nuna makamancin haka a PSC: wata bakteriya, Klebsiella pneumoniae, da suka samo daga hanjin marasa lafiya tana huda bangon hanji, ta buɗe wa wasu hanya, hanta ta kumbura.

Hanya ta biyu: kama. Ai kun san kama da wane ba ta wane, to amma garkuwar jiki na iya ruɗewa. A PBC, sama da 9 cikin 10 na marasa lafiya suna da wani makamin garkuwa a jininsu da ke kai hari kan wani sinadari na cikin sel ɗinsu. Sai aka tarar bakteriya irin E. coli, mazauniyar hanji wadda kuma ita ce kan gaba wajen kawo ciwon mafitsara ga mata, tana da sinadari mai kama da shi sosai. Kuma bincike a Ingila da Amurka ya nuna matan da ke da PBC sun fi sauran mata tarihin ciwon mafitsara mai yawan dawowa. Fassarar masana ita ce: an aika dogari ya kamo ɓarawo mai jar hula, ya kamo shi, sannan ya dawo gida ya ga ɗan maigida da jar hula, ya hau shi da duka.

Hanya ta uku: abin da bakteriya ke dafawa. Idan bakteriyar kirki ta samu faiba, tana samar da wasu sinadarai, mafi shahara shi ne butiret. Butiret ne babban abincin sel ɗin bangon babban hanji, shi ke riƙe musu ƙarfi. Yana kuma ƙara yawan wasu sel na garkuwa da aikinsu shi ne raba faɗa, su ce wa sauran ku dakata, wannan namu ne. Idan masu samar da butiret suka ragu, bango ya yi rauni, masu raba faɗa su yi ƙaranci. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an duba bayan gidan masu AIH da ba su fara shan magani ba, sakamakon ya fito a 2020: nau'o'in bakteriyarsu sun ragu idan aka kwatanta da na masu lafiya, wata kuma mai suna Veillonella ta yi yawa, kuma yawanta na tafiya da tsananin kumburin hantar.

A nan sai a yi hattara. Bakteriya kaɗai ba ta isa ta kawo cutar ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai gado, wato wasu an haife su da garkuwar da ke saurin ruɗewa. Akwai magunguna da aka san suna tada irin wannan kumburin hanta ga wasu mutane, kamar nitrofurantoin na ciwon mafitsara da methyldopa na hawan jini. Sannan hantar da ta kamu ita ma tana sauya bakteriyar hanji ta hanyar ruwan madaciya, don haka abin zagaye yake yi, kowanne na ƙara wa ɗan uwansa. Mutum miliyoyi na ɗauke da E. coli a hanji lafiya lau har su tsufa.

To mu nan ina muka tsaya?

A 2010 masana daga Italiya suka kwatanta yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen irin namu ne na da: gero, dawa, wake, ganye. Aka tarar hanjinsu ya fi yawan nau'o'in bakteriya, cike da masu narkar da faiba irin su Prevotella, kuma sinadarai dangin butiret sun fi yawa a jikinsu. A Najeriya ma an yi: a 2018 Dokta Funmilola Ayeni ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta suka wallafa kwatancen hanjin manoma Bassa na karkara da na mazauna birane, suka ga bambanci a fili tsakanin na ƙauye da na birni. Kuma abin ba ya ɗaukar shekaru kafin ya sauya. A wani binciken da aka wallafa a 2015 an yi musayar abinci na mako 2 kacal tsakanin baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20. Waɗanda suka koma cin abinci mai faiba butiret ɗinsu ya ƙaru, alamun kumburin hanji suka ragu. Waɗanda suka koma cin maiƙo da nama irin na Amurka kuwa, nasu ya juya baya.

Ku dubi kwanonmu na yau. Taliyar leda da safe, farar shinkafa da rana, burodi da lemon kwalba da dare. Tuwon dawa da miyar kuka ya zama abincin da yaro ke turo wa baki. Abin mamaki, a nan Samaru Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda ta shafe shekaru tana fitar da ingantattun irin dawa da wake, amma mu 'ya'yan garin muna gudun abin da ake nomawa a bayan gidanmu.

Na biyu, kuma wanda ya fi damuna: yadda muke shan maganin kashe bakteriya, wato antibayotik, kamar gyaɗa. Mura, kafso. Ciwon kai, kafso. Mace ta gama al'ada, a ce ta sha ta wanke ciki. Yaro na haƙori, a ba shi. A shiga kemis a ce a ba ni ja da yalo na naira ɗari, a haɗiye guda biyu a wuce. Maganin nan ba ya tambayar wace ce ta kirki wace ce muguwa. A Denmak an ba maza 12 masu lafiya haɗin antibayotik masu ƙarfi na kwana 4 kawai. Yawancin bakteriyarsu ta farfaɗo cikin wata ɗaya da rabi, amma bayan wata 6 akwai nau'o'i 9 da ba a sake gani ba a jikin mafi yawansu. Kwana 4 ke nan fa. Ina ga wanda yake sha duk wata? Ga kuma ɗaya matsalar: binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya ce bakteriya mai bijire wa magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba.

Na san me wasu ke jira. Za su ce to shi kenan, mai ciwon hantar garkuwa ya sha nono da fura ya warke. A'a. Don Allah a saurara da kyau.

Abinci na kare hanji, amma ba ya kashe wutar da ta riga ta kama hanta. AIH tana da magani na asibiti wanda aka tabbatar tun gwajin da aka yi a Asibitin Royal Free na Landan a 1971: maganin da ke kwantar da garkuwa, prednisolone, daga baya aka haɗa shi da azathioprine. Mafi yawan waɗanda aka gano da wuri suna samun sauƙi su ci gaba da rayuwarsu, su yi karatu, su yi aure, su haihu ƙarƙashin kulawar likita. Wanda aka bari kuwa, tabo ne ke cinye hantar, ciki ya tara ruwa, a fara aman jini. PBC ma tana da nata, wani sinadarin madaciya da ake kira UDCA, kuma an ga yana gyara wani ɓangare na bakteriyar hanjin masu shan sa bayan wata 6. Su kuwa dabarun gyara bakteriya kai tsaye har yanzu a matakin gwaji suke. Misali, a Boston an dasa wa masu PSC 10 bakteriyar hanjin masu lafiya, sakamakon ya fito a 2019, mutum 3 ne awon jininsu ya yi kyau sosai. Mutum 10 ba su isa a kafa hukunci ba. Don haka duk wanda ya tallata muku kwalba a intanet ya ce tana wanke hanji ta warkar da hanta, kuɗinku yake so.

Kuma kar wanda ya ji sunan prednisolone ya tafi kemis. Maganin nan idan aka ba mai ciwon hanta nau'in B ba tare da kariya ba, ƙwayar cutar na iya tashi ta yi wa hanta mummunar illa. 'Yan uwana mata masu shan danginsa don ƙiba ko hasken fata, wannan gargaɗin har da ku.

Ga abin da za mu iya yi.

Ɗaya. Ido ya yi rawaya, ko ƙaiƙayi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko gajiya ta yi watanni, a je asibiti. Idan B da C suka fito babu, ba a gama ba. A tambayi likita: ranka ya daɗe, ko akwai buƙatar gwajin aikin hanta da na garkuwar jiki? Ana duba sinadaran hanta a jini, a duba makaman garkuwa, a ɗauki hoton ciki, wani lokaci a tsakuro ɗan naman hanta da allura a duba. A nemi takardar turawa zuwa ga likitan ciki da hanta, ga Asibitin Koyarwa na Shika nan kusa da mu.

Biyu. Mai shawara ya dakata da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Duk abin da aka haɗiya hanta ce za ta tace shi, ita kuma ga ta a kwance. A faɗa wa likita duk abin da aka sha, na kemis da na gargajiya, ba tare da kunya ba.

Uku. Antibayotik sai da takardar likita, kuma a sha yadda ya ce. Ba ya maganin mura.

Huɗu. A dawo da faiba cikin kwano: gero, dawa, wake, kuka, kuɓewa, zogale, rama, aya, dabino. Daddawa da nono ma suna da amfani, amma nonon ya zama an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, don ɗanyar madara na ɗauke da nata cututtukan. A guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, gubarsu hanta take nufa.

Biyar. Jariri ya samu nonon uwa zalla na wata 6, don a cikinsa akwai abincin da aka tanada musamman saboda bakteriyar kirki. A kuma yi masa allurar ciwon hanta nau'in B tun ranar haihuwa. Tana cikin rigakafin yara na ƙasa tun 2004.

Sai kira ga 'yan uwana matasa, musamman masu karatun likitanci, haɗa magunguna da kimiyyar ƙananan halittu a Samaru da Shika. Kun ji garuruwan da na lissafo: Yale, Keio, Shanghai, Boston. Hanjin Bazazzagin da ya tashi da fura da daddawa ba irin na mutumin Shanghai ba ne. Wannan fili ne na bincike a gabanku, ku shiga. Mahukunta kuma muna da buƙata biyu: a sa ido kan sayar da antibayotik barkatai, a kuma sauƙaƙa kuɗin gwajin hanta ta yadda talaka ba zai tsaya a gwaji ɗaya ya koma gida yana zargin maƙwabta ba.

Idan kun san wata baiwar Allah da ake ta yawo da ita saboda shawarar da aka rasa kanta, ku tura wa danginta wannan rubutu, ko ku karanta musu. Tambayoyinku kuma ku ajiye su a ƙasa, za mu tattara mu kai wa likita ya amsa a shiri na gaba in Allah Ya yarda.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.